Yadda Ake Kafa Manhajar Kyauta Ta Adana Bayanan Marasa Lafiya A Ƙaramin Asibiti

Bayanan mara lafiya amana ce a hannun asibiti, kuma ingancin maganin da za a yi masa gobe ya dogara ne a kan abin da aka rubuta game da shi yau. Inda ake aiki da takarda kaɗai, fayil ɗaya ba ya zama a wuri biyu a lokaci guda. Idan yana gaban likita, dole mai ba da magani ya jira, idan kuma ya ɓace a cikin ɗakin ajiya sai a buɗe sabo, tarihin hawan jinin mutum na shekara biyar ya tafi tare da tsohon. Wannan ne ya sa asibitoci da yawa suke komawa ga adana bayanai a kwamfuta, sai dai manhajojin da kamfanoni ke sayarwa sukan zo da kuɗin lasisi na shekara-shekara wanda ƙaramin asibiti ba zai iya ɗauka ba. Akwai wata hanyar, wato manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda lasisinsu ya ba kowa damar ya sauke su, ya ɗora su a kan kwamfutoci ko nawa ne, ya karanta yadda aka rubuta su, ya kuma gyara su daidai da buƙatarsa ba tare da ya biya kowa ba.

Ya kamata a fahimci iyakar wannan kyautar tun da wuri. Lasisin ne ba a biya, amma kwamfutar da za ta riƙe bayanan, da wutar da za ta riƙe kwamfutar, da ma'aikacin da zai riƙa kula da ita, da lokacin da za a ɗauka ana koyar da ma'aikata, duk waɗannan suna cin kuɗi. A ganina babbar ribar buɗaɗɗen tushe ba arha ba ce. Ribar ita ce bayanan suna zama mallakar asibitin a cikin rumbun da kowane ƙwararre zai iya buɗewa, ta yadda ko an rabu da wanda ya kafa tsarin, wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya.

Abin da ake yi kafin a taɓa kwamfuta

Aikin farko da biro da takarda ake yin sa. A samu mutum biyu ko uku daga cikin ma'aikata, wanda ke ɗakin kati da ma'aikaciyar jinya da likita ɗaya, su bi mara lafiya ƙafa da ƙafa tun daga shigowarsa har fitarsa, suna rubuta duk inda ya tsaya da duk takardar da aka cike masa. A ina ake ba shi lamba, wa ke auna jininsa da nauyinsa, kafin gwaji yake biya ko bayan gwaji, wa ke kai sakamako ga likita, kuma a wane littafi ake rubuta maganin da ya fita daga ɗakin magani? Sannan a tattara kowane fom da kowace rajista da ake amfani da su, har da rahoton wata-wata da ake aika wa hukumar lafiya, a jera su a kan tebur ɗaya.

A nan ne za a ga abubuwan da aka saba da su har aka daina lura da su, kamar rubuta sunan mutum ɗaya a littattafai huɗu, ko fom mai gurabe talatin wanda goma kawai ake cikewa. Kwamfuta ba ta gyara tsarin da ya karkace, sai dai ta sa kuskuren ya riƙa maimaituwa da sauri. Saboda haka a yanke shawara tun yanzu a kan abin da za a ci gaba da rubutawa da abin da za a bari. A kuma naɗa mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan lafiya, ba masanin kwamfuta ba, ya zama mai alhakin aikin, domin tambayoyin da za su taso yawancinsu na jinya ne, kuma sai wanda abokan aiki ke jin maganarsa zai iya raba gardama a kansu.

Zaɓen manhaja

Manhajoji huɗu ne suka fi cancanta a duba, kuma kowacce tana ɗauke da halin wurin da aka haife ta. Sanin wannan asalin yana taimakawa ƙwarai wajen zaɓe.

OpenEMR ta fara ne a Amurka a farkon shekarun 2000, aka sake ta a ƙarƙashin lasisin buɗaɗɗen tushe mai suna GPL a 2002. An gina ta ne domin asibitin da ake zuwa a ga likita a koma gida, shi ya sa ƙarfinta yake wajen rajistar marasa lafiya, jadawalin ganin likita, rubuta magani, lissafin kuɗi, da kuma shafin da mara lafiya zai iya shiga ya ga bayanansa. An rubuta ta da yaren kwamfuta na PHP, tana ajiye bayanai a rumbun MySQL ko MariaDB, kuma masu iya waɗannan suna da yawa a ko'ina, abin da ke sauƙaƙa samun mai gyara. An fassara ta zuwa harsuna fiye da 30. Abin lura shi ne ɓangaren kuɗinta an ƙera shi ne a kan tsarin inshorar Amurka, da fom ɗinsu da lambobin ayyukansu, don haka asibitin da ke wata ƙasa zai buƙaci ya kashe wasu sassan ya kuma shigar da jerin ayyukansa da farashinsa da kansa.

OpenMRS kuwa ta samo asali ne a 2004 daga haɗin gwiwar cibiyar Regenstrief da ke jihar Indiana da ƙungiyar Partners In Health, kuma an fara aiki da ita a 2006 a shirin AMPATH da ke Eldoret a ƙasar Kenya, wajen kula da masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Saboda wannan tarihin, ta ƙware wajen bin sawun mara lafiya na tsawon shekaru, irin mai tarin fuka ko mai ciwon suga ko mai juna biyu, inda ake son a ga yadda awo ke sauyawa daga zuwa ɗaya zuwa wani. Ginshiƙinta shi ne ƙamus na ma'anoni: kowace tambaya da kowace amsa tana da lamba guda, ta yadda awon nauyi da aka rubuta a fom goma daban-daban zai taru a wuri ɗaya idan an zo yin rahoto. Da yaren Java aka rubuta ta, kuma ƙasashe irin su Kenya da Uganda sun gina tsarinsu na ƙasa a kanta. Ita kaɗai ba ta fi ƙarfi a harkar kuɗi da kayan sito ba, kuma saita ta yana buƙatar haƙuri da ilimi fiye da OpenEMR.

Wannan giɓin ne Bahmni ta zo ta cike. Kamfanin ThoughtWorks ne ya fara gina ta domin asibitin karkara na Jan Swasthya Sahyog da ke jihar Chhattisgarh a Indiya. Maimakon a ƙirƙiri komai daga tushe, sai aka haɗa OpenMRS domin bayanan jinya, OpenELIS domin ɗakin gwaji, da Odoo domin kuɗi da lissafin magunguna, aka yi musu fuska ɗaya. Asibitin da ke kwantar da marasa lafiya, yake da ɗakin gwaji da ɗakin magani nasa, ya kamata ya fara duba ta, tare da sanin cewa manhajoji uku a haɗe sun fi guda ɗaya nauyi a kan kwamfuta da kuma wahalar kulawa. Ta huɗu ita ce GNU Health, wadda likita Luis Falcón ya fara a 2008, take aiki da yaren Python da rumbun PostgreSQL a kan tsarin Tryton, kuma take ba da muhimmanci ga lafiyar al'umma da yanayin rayuwar iyali baya ga harkokin asibiti.

Kada a rikita waɗannan da DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda ma'aikatun lafiya da yawa ke amfani da ita. Babban aikin DHIS2 shi ne tattara alƙaluma daga asibitoci domin rahoto, ba riƙe cikakken fayil ɗin jinya na kowane mutum ba. Abin da ake buƙata shi ne manhajar da aka zaɓa ta iya fitar da alƙaluman da za a zuba a can ba tare da an koma ƙirga da hannu ba.

Hanyar zaɓe mafi inganci ita ce gwaji. Manyan manhajojin nan suna da shafukan gwaji a intanet. A zaunar da ma'aikacin kati da nas da likita, a ba su labarin mara lafiya na ƙage, kowa ya yi aikinsa a kai daga rajista har zuwa rubuta magani, a lura da tsawon lokacin da abin ya ɗauka da wuraren da suka rikice. Kada a taɓa shigar da sunan mutum na gaskiya a shafin gwaji, domin kowa a duniya yana iya ganinsa. Bayan haka a duba lafiyar aikin kansa: yaushe aka fitar da sabon zubi na ƙarshe, ana amsa tambayoyin masu amfani, kuma akwai wanda ya iya manhajar a kusa wanda za a kira idan ta tsaya? Idan manhajoji biyu suka yi kunnen doki, shawarata ita ce a ɗauki wadda aka fi samun mai gyaranta, ko da ɗayar ta fi ta ƙawa.

Inda bayanan za su zauna

Duka manhajojin suna zama ne a kan babbar kwamfuta guda, wato saba, ma'aikata kuma su shiga daga kwamfutocinsu, galibi ta burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Ana iya ajiye sabar a cikin asibitin, ana kuma iya hayar ta a wajen kamfanonin da ke ba da wuri a intanet. Idan intanet ba ta da tabbas, a ajiye ta a cikin gida, a haɗa ɗakuna da waya ko da Wi-Fi na cikin gida, aiki zai ci gaba ko layin waje ya yanke. Idan kuwa asibitin yana da rassa da yawa kuma intanet ta zauna daram, haya ta fi sauƙi, amma a fara bincika abin da dokar ƙasa ta ce game da fitar da bayanan lafiya zuwa wata ƙasa. Ƙasashe da dama suna da dokar kare bayanai, kamar HIPAA ta Amurka ta 1996 da GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, kuma samun manhaja kyauta ba ya sauke wa asibiti nauyin bin dokar inda yake.

Ga ƙaramin asibiti, kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 zuwa 16 da faifan SSD takan wadatar. A keɓe ta ga wannan aikin kaɗai, kada a riƙa buga wasiƙu ko kallon bidiyo a kanta, a sa ta a ɗaki mai kulle da iska. Dole ne a haɗa ta da batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, shi ma akwatin da ke rarraba layi zuwa ɗakuna a sa masa nasa, domin mutuwar kwamfuta farat ɗaya a daidai lokacin da take rubutu tana iya lalata rumbun bayanai.

Ɗorawa da saitin farko

Cikin tsarukan da ke tafiyar da kwamfuta, Linux ya fi dacewa da saba, musamman nau'insa na Debian ko Ubuntu mai dogon tallafi, wanda ake fitarwa duk bayan shekara biyu kuma ake ba shi gyaran tsaro na shekara biyar. OpenEMR da OpenMRS da Bahmni duk ana samun su a shirye ta hanyar Docker, wanda ke tattara manhajar da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya, kuma wannan ya rage yawan kurakuran da ake yi wajen ɗorawa. A sauke daga shafin masu aikin kawai, a ɗauki zubin da suka ce ya kammala ba wanda ake kan gwadawa ba. A kafa guda biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta koyo, a sa wa ta koyon launi ko suna na daban domin kada wani ya rubuta mara lafiya na gaskiya a cikinta.

Abu na farko bayan ɗorawa shi ne sauya kalmar sirrin da manhajar ta zo da ita, domin a rubuce take a fili cikin littafin jagora, kowa ya san ta. Daga nan a saita agogo da yankin lokaci, a zaɓi tsarin rubuta kwanan wata guda ɗaya, a kuma tabbatar da ma'aunin da za a yi aiki da shi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga manhajar da aka gina a Amurka inda ake auna nauyi da fam: idan nas ta rubuta kilo a gurbin da manhaja ke ɗauka fam ne, lissafin maganin yaro zai fita ba daidai ba. Sai a shigar da sunan asibiti, sassansa, ma'aikatansa, jerin ayyuka da farashinsu, da jerin magungunan da ake da su tare da ƙarfin kowanne.

Lambar mara lafiya tana buƙatar a zauna a yi mata tunani. Kowane mutum lamba ɗaya, har abada, ba a sake ba wani ita ko mai ita ya rasu. Kada a cusa ma'ana a cikinta, kamar shekara ko sashe, domin ma'anar takan sauya lambar kuma ta zauna. OpenMRS tana iya ƙara harafi ko lamba ta tantancewa a ƙarshe, wadda ke sa kwamfuta ta gane idan an yi kuskuren bugawa. Babbar cutar da ke kama irin wannan tsarin ita ce mutum ɗaya ya samu fayil biyu ko uku saboda an rubuta sunansa ta hanyoyi daban-daban. Maganinta ƙa'ida ce da za a kafa wa ɗakin kati: kafin a buɗe sabon fayil sai an nemi mutumin da suna, an neme shi da lambar waya, an kuma neme shi da ranar haihuwa. Inda mutum bai san ranar haihuwarsa ba, a rubuta ƙiyasin shekaru a kuma nuna cewa ƙiyasi ne.

Game da sunayen cututtuka, a yi amfani da jerin da duniya ta amince da shi maimakon kowane likita ya rubuta yadda ya ga dama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ICD-10 wanda har yanzu ake aiki da shi a wurare da yawa, da ICD-11 wanda ya fara aiki a Janairun 2022, sai a bi wanda hukumar lafiyar ƙasa ke karɓa. Gwaje-gwaje kuma suna da nasu jerin, wato LOINC. Wasu jerin, kamar SNOMED CT da lambobin CPT na Amurka, suna da sharuɗɗan lasisi nasu, don haka kasancewar manhaja kyauta ba ya nufin su ma haka suke. Masu OpenMRS su ɗauki ƙamus ɗin CIEL da aka riga aka shirya maimakon su fara gina nasu daga farko. Wajen tsara fom kuma a taƙaita. Duk gurbin da aka wajabta cikewa alhali ba kullum ake da amsarsa ba, ma'aikaci mai layi a gabansa zai cike shi da ko mene ne domin ya wuce, kuma bayanin ƙarya ya fi gurbin da babu komai haɗari.

Wa zai ga me

Kowane ma'aikaci ya samu sunan shiga nasa da kalmar sirrinsa. Sunan shiga ɗaya da dukan ma'aikatan sashe ke amfani da shi yana rushe amanar tsarin gaba ɗaya, domin manhajojin nan suna rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe da abin da ya sauya, kuma wannan rajistar ba ta da amfani idan mutum goma suna shiga da suna ɗaya. A raba izini bisa aiki: mai karɓar kuɗi ya ga abin da za a biya ba tare da ya ga sakamakon gwaji ba, mai rajista ya ga suna da adireshi ba tare da ya karanta bayanin likita ba. Ikon shugaban tsari ya tsaya ga mutum biyu, su ma su riƙa aikinsu na yau da kullum da wani sunan na daban. A kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, ga duk wanda zai shiga daga waje, a sa allo ya riƙa kulle kansa idan an bar shi, a kuma rufe sunan duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Ko a cikin gida ne, a sa hanyar shiga ta zama ta HTTPS, wadda ke ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin kwamfutoci, domin kada wanda ya samu shiga Wi-Fi ya iya karanta abin da ke wucewa.

Kwafin ajiya

Idan akwai sashe ɗaya da nake roƙon kada a yi masa gaggawa, to wannan ne. Gobara a ɗakin kati takan bar wani abu, amma faifan kwamfuta idan ya mutu yakan tafi da komai a lokaci ɗaya. Haka kuma akwai manhajojin ɓarna da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 irin wannan harin, wanda aka sani da WannaCry, ya shafi asibitocin gwamnati a Ingila har aka ƙiyasta cewa an soke ganin likita da ayyukan tiyata kusan 19,000. Idan haka ta faru ga tsari mai wannan girman, ƙaramin asibiti ba shi da dalilin ɗauka cewa ya tsira.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a samu kwafi uku na bayanan, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen ginin. A sa kwamfuta ta riƙa ɗaukar kwafi da kanta kowane dare, kada a dogara da tunawar mutum. Kwafin ya haɗa da rumbun bayanai da kuma jakar da ke ɗauke da takardun da aka ɗora, irin su hotunan sakamako da wasiƙun tura mara lafiya, domin a OpenEMR, misali, waɗannan suna zaune ne a jaka dabam da rumbun, kuma wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya zai tarar da rabin fayil ne a hannunsa. Duk kwafin da zai fita daga ginin a kulle shi da mabuɗin sirri, a rubuta mabuɗin a takarda a ajiye a wuri amintacce da mutum biyu suka sani. Faifan waje kuma kada a bar shi a maƙale da sabar kullum, saboda manhajar fansa tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe. A riƙa riƙe kwafin kwanaki da makonni da suka wuce, tun da wani kuskuren sai bayan an daɗe ake gano shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, babu wanda ya san ko yana aiki. Aƙalla duk bayan wata uku a ɗauki kwafin jiya a mayar da shi a kan wata kwamfuta, a shiga, a buɗe fayil ɗin wanda aka gani jiya, a tabbatar bayanin likita da takardun da aka ɗora duk suna nan. A rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya a takarda, a kuma sa wani ma'aikaci wanda ba shi ya rubuta ba ya bi su shi kaɗai, domin ranar da za a buƙace su mai yiwuwa ne masanin kwamfutar ba ya nan.

Fara aiki

Kada a kunna komai a rana ɗaya. A fara da rajista da jadawalin ganin likita, a bar su su zauna na wasu makonni har ɗakin kati ya saba, sannan a ƙara awon da nas ke yi, sai bayanin likita da rubuta magani, daga baya gwaji da kuɗi. Koyarwa ta kasance a kan manhajar koyo, kowane rukuni a koya masa abin da ya shafi aikinsa kawai, kuma a yi ta dab da ranar farawa domin kada a manta. Wasu ma'aikatan, ciki har da ƙwararrun da suka fi kowa sanin jinya, ba su saba da buga rubutu a kwamfuta ba, kuma bai dace a bar su su ji kunya a gaban ƙanana ba. A ba su lokaci na musamman. A makon farko a rage yawan waɗanda ake ba lokacin ganin likita idan hali ya yi, a kuma samu mai taimako yana zagayawa tsakanin ɗakuna.

Tsofaffin fayiloli ba sai an shigar da su duka ba, domin aiki ne mai cin watanni kuma yawancinsu ba za a sake buɗe su ba. Hanya mafi sauƙi ita ce duk wanda ya zo, a ranar ne za a yi masa rajista a kwamfuta, a rubuta tsohuwar lambar katinsa a gurbin da aka tanada, likita kuma ya shigar da taƙaitaccen tarihi: cututtukan da yake fama da su, magungunan da yake sha, magungunan da jikinsa ba ya karɓa, da tiyatar da aka taɓa yi masa. Takardun kuwa a ci gaba da adana su har tsawon lokacin da doka ta tanada. A sa ranar da za a daina rubutu biyu, a takarda da kwamfuta, domin idan aka bar shi ya daɗe ma'aikata za su gaji, kuma ɗayan biyun zai zama ba cikakke ba ba tare da an san wanne ba ne.

Duk da haka a tanadi fom na takarda domin ranar da tsarin ya tsaya. A buga su a ajiye a kowane sashe, a kuma fayyace wanda zai shigar da abin da aka rubuta idan kwamfuta ta dawo, da wa'adin da zai yi hakan. Akwai kuma ladabin da ya kamata likitoci su kiyaye: allo ya kasance a gefe yadda ba zai shiga tsakaninsu da mara lafiya ba, a saurari mutum a dube shi kafin a juya ga rubutu, kuma kada a bar fayil ɗin wani a buɗe lokacin da na gaba ya shigo.

Bayan an zauna

Buɗaɗɗen tushe yana nufin masu bincike suna iya gano raunin tsaro su sanar, masu aikin kuma su fitar da gyara, amma gyaran ba ya amfanar wanda bai ɗora shi ba. A sa mutum ɗaya ya riƙa bin sanarwar manhajar, kuma duk sabuntawa a fara gwada ta a kan manhajar koyo, a ɗauki kwafin ajiya, sannan a ɗora ta a kan ta aiki a lokacin da babu cunkoso. A guji taɓa ainihin rubutun manhajar matuƙar saiti ko ƙarin sashe zai biya buƙata, saboda duk gyaran da aka yi a cikin ainihinta sai an sake yin sa a kowace sabuntawa, kuma ta haka ne asibitoci ke maƙalewa a kan tsohon zubi na shekaru.

Duk wata, mai alhakin aikin ya duba fayilolin da suka maimaitu a haɗe su, ya kwatanta alƙaluman da manhaja ta fitar da abin da sassa suka sani, ya kuma leƙa rajistar shiga ko akwai wanda ke buɗe fayilolin da ba su shafi aikinsa ba. Idan wani kamfani ko wani ƙwararre ne daga waje yake kula da tsarin, a rubuta yarjejeniya da ta bayyana cewa bayanan na asibiti ne, cewa shi ma sirrin marasa lafiya ya hau kansa, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya amsa kira idan tsarin ya tsaya. Kalmomin sirrin sabar da na rumbun bayanai, da bayanin duk saitin da aka yi, su kasance a hannun shugabancin asibitin tun ranar farko, kuma a sabunta takardar duk lokacin da aka sauya wani abu a cikinsu.